TARIHIN HULAR SAƘA A ƘASAR TASAWA DA MAYAHI

 

Ga wagga fitowa za mu yi magana bisa wani ɗan abu da kowa ya sani, amma ba kowa ya taɓa tambayar asalinsa ba, watau hular saƙa mai launi biyu ko uku da mata ke yi da zaren ulu. Ita ake sa ma jariri ranar suna, ita ɗan lakwal ke sawa da sanyin safiya, ita tsoho ke ɓoyewa ƙarƙashin rawani in hunturu ya kama. Wasu na cewa abin Nasara ne. Wasu na cewa aikin macen da ta rasa abin yi ne. In an bi zaren ga har inda ya faro, za a ga maganar ta fi haka tsawo, kuma cefanen gidaje da yawa na rataye gare ta.

1. Zare da launi tun kafin zuwan Nasara

Ƙasarmu ta san zare tun ba ta san ulu ba. Ana noman auduga a fadamu da bayan gida. In an ciro kaɗa, mace ta gurje ta bisa magurji ta fidda angurya, ta shiɓe ta, sa'an nan ta zauna da mazari da ɗan alli ga yatsa tana kaɗi. Zare mai kauri shi ne abawa, siriri shi ne arafiya. Kuɗin zaren ga na mace ne ita kaɗai. Da shi take sayen goro da sabulu, da shi take zubin biki, da shi take tara ma ɗiyarta kayan ɗaki. Ku riƙe wagga magana, za mu komo kanta.

Daga hannun mace zare ya tafi wurin masaƙi, daga nan marina. Akwai shaida rubutacciya bisa wanga. Cikin watan Janairu na 1851 wani Bajamushe mai yawon ganin ƙasa, Heinrich Barth, wanda mutane ke kira Abdulkarim, ya sauka Tasawa tare da ayarin gishiri na Abzinawa. Ya zaga gari da kasuwa, ya kuma rubuta cewa ya ga marina mai rijiyoyin baba 14, inda tufa ke kwana ɗaya har bakwai gwargwadon duhun da ake so.

To, kakanninmu ba su da launi barkatai kamar na yau. Akwai fari na auduga, da shuɗi da baƙi na baba, da ja na karan dafi, da rawaya. Mai hali ya ƙara da alharini da fatake ke kawowa daga arewa. Da waɗanga ƴan launuka sunka fidda saƙi da luru da gwado. Wanda ya taɓa duban tsohon luru ya san ƙa'idarsu: duhu kusa da haske, haske kusa da duhu, don zane ya fito tun daga nesa. Hulunan lokacin kuwa ɗinka su ake yi daga ƙyallen saƙa, kamar farar hula da haɓar kada, manomi da matafiyi kuma su aza malfa.

2. Dara: saƙaƙƙiyar hular da ta ƙetaro hamada

Da yawa cikinmu za su yi mamaki in an ce jar dara ta sarakuna da dogarai saƙa ta ake yi da allura, kamar yadda ƴan matanmu ke saƙa hular sanyi. Amma haka abin yake.

Saƙar allura mafi daɗewa da masana sunka samu a duniya, ƙasar Masar anka tono ta. Safa ce ta auduga, daga wajen ƙarni na 11 zuwa na 14, an saƙa ta da zare biyu, fari da shuɗin baba, da zane-zane, wasu har da rubutun Larabci. Ana iya ganinsu a gidajen ajiyar kayan tarihi na Landan da Washinton. Ku lura da launin: fari da shuɗi, irin na lurunmu. Daga ƙasashen Musulmi sana'ar ta shiga Andalus, watau Sipaniya, sa'an nan ta watsu cikin Turai.

Cikin 1609 sarkin Sipaniya ya kori sauran jikokin Musulmin Andalus. Da yawansu sunka sauka Tunis, sunka ƙarfafa sana'ar jar hula da ake kira shashiya a can. Ga yadda ake yin ta. Mata ke saƙa ta da farin gashin tumaki, ƙatuwa, sako-sako, ta fi kan mutum nesa ba kusa ba. Sai a kai ta ruwa a yi ta bugu da sabulu har ta tsuke ta yi tauri, idon saƙar ya ɓace. A taje ta da wata ƙaya, a rina ta ja, a aza ta bisa ƙalibi ta ɗauki siffa. Shi ya sa in ka dubi dara ba ka ganin saƙar, sai ka ce fata ce ko bargo.

Hanyar da ta biyo zuwa gare mu ita ce hanyar da Barth ya biyo: Tarabulus, Gat, Abzin, Damargu, Tasawa, Gazawa, Katsina, Kano. Jajayen huluna na cikin kayan da ayari ke saukewa, tare da alharini da takarda da madubi. Kyauta ce ta gaisuwar sarki, kuma ba kowane talaka ke aza ta ba.

Da Faransawa sunka zo, sai sunka sa ma sojojinsu baƙar fata da masu gadin bariki jar hula irin wagga. Har 1927 babban barikin yankinmu Tasawa yake, kafin a maida shi Maraɗi. Tsofaffin da sunka ji labarin lanho da aikin tilas daga bakin iyayensu sun san abin da hango jar hula bisa doki ke sa ma gari. Hula guda ta zama alamar girma, ta kuma zama alamar tsoro. Jirgin ƙasa da ya iso Kano cikin 1911 ya karya fataucin hamada, amma bai kashe dara ba. Har yau Tunisiya na aiko ta Nijar da Najeriya, ana sa ta ranar salla da ranar naɗin sarauta.

Ke nan saƙaƙƙiyar hula ta riga allurar saƙa isowa ƙasar ga da shekaru masu yawa. Mun sa ta bisa kai ba mu san da hannun mace anka fara ta ba.

3. Yadda allura da kwarashi sunka shiga gidajenmu

Ita sana'ar kanta zamanin Nasara ta shigo, ta ƙofa uku. Ta farko lakwal: tsarin karatun Faransa ya tanadi aikin hannu, yara maza su yi lambu, ƴan mata su koyi ɗinki da saƙa wurin madam. Ta biyu ƴan mishan, waɗanda sunka zauna Tsibiri tun 1927, daga baya Maraɗi, matansu na zama da matan gari. Ta uku, bayan samun mulkin kai cikin 1960, ma'aikatan wayar da kai da gidajen koyon sana'a na mata, musamman bayan kafa Ƙungiyar Matan Nijar cikin 1975. Matan ma'aikata da ungozomomi da malaman lakwal mata su ne sunka kai ta ƙananan garuruwa. Daga nan maƙwabciya ta koya ma maƙwabciya. Kalmar kwarashi ma, watau allura guda mai ƙugiya, aro ta munka yi.

Salon haɗa launi biyu cikin layi guda ya yi suna a Turai saboda wani ɗan tsibiri na arewacin Sikotilan da ake kira Fair Isle. Cikin 1921 yariman Ingila ya fito da rigar sanyi irin tasu, sai kowa ya ɗauka, har ya cika littattafan koyon saƙa da sunka iso Afirka. Amma kun dai ji a sama cewa Masarawa sun riga su da ɗaruruwan shekaru.

Saura zare. Abin da muke kira ulu a kasuwa, yawancinsa ba gashin tunkiya ba ne. Zaren roba ne na masana'anta, wanda anka fara sayarwa a Amurka wajen 1950. Yana da arha, ba ya zuba, asu ba ya cin shi, kuma ya zo da launin da baba da karan dafi ba su iya bayarwa: tsanwa shar, ruwan lemu, ruwan hoda. Ƴan kasuwa na ɗauko shi Kano da Maraɗi, ƴan koli su kai shi kasuwannin ƙauye, daga Korgom da Urafan da Maijirgi har Kanan Bakashe da Isawan. Wadda ba ta da kuɗin allura sai ta samu wayar ƙafar keke, a goge mata baki bisa dutse.

Me ya sa sana'ar ta kama haka da sauri ga mata? Ku tuna da mazari. Zamanin da gyaɗa ke kuɗi, atamfa da yadin kanti sunka cika kasuwa, masaƙi ya rasa ciniki, marina ta bushe, zaren kaɗi ya rasa mai saye. Hannun da ya saba da zare ya zauna banza, kuɗin da mace ke samu na kanta ya yanke. Ɗinkin hular ƙube da zanna bukar, wadda ta ci sunan Zanna Bukar Dipcharima na Barno, a farko aikin maza ne, malamai da almajirai. Saƙar ulu kuwa ta shigo ba ta da mai ita, sai mata sunka riƙe. Ana yin ta cikin gida, a ajiye a duba tukunya, a komo a ɗauka, yarinya ta kai talla. Saƙa ita ta gaji kaɗi.

4. Yadda ake fidda zane

Bari mu ɗan bayyana aikin, don maza su san abin da suke tayawa in sun tsaya ciniki.

Kowane ɗan madauki da ke bisa allura mu kira shi ido. Mai saƙa na farawa daga bakin hula, ta yi shi mai talewa don ya kama kai. Daga nan ta shiga jiki, inda zane yake. Tana riƙe da zare biyu, misali fari da shuɗi. In farin na aiki, shuɗin na bi ta baya yana jira, in lokacinsa ya yi su sauya. Shi ya sa in ka juya hular za ka ga zare kwance a ciki, kuma shi ya sa ta fi mai launi guda ɗumi, don riɓi biyu ce. Gwanaye ba su barin zaren baya ya tsallake fiye da ido biyar ba su sarƙe shi ba. In ya yi tsawo yatsan jariri na maƙalewa, in an ja shi da ƙarfi hula ta tattare ta ƙi shiga kai. Mai kwarashi ita kuma tana binne zaren da ke jira cikin saƙar, shi ya sa hularta ke tsayawa ƙyam kamar ƙube. A ƙarshe a riƙa rage ido zagaye bayan zagaye, har a rufe tsakar kai, a ɗaura tuntu in ana so.

Akwai lissafi a ciki. In zane guda na cin ido 8, hular kuma ido 96 ce, zanen zai zagayo sau 12 daidai. In an aza ido 100, saura 4 ba su da wurin zuwa, tauraro na ƙarshe ya fito rabi. Na sha gwada wanga misali ga ƴan aji in ana koyon rabawa, kuma ɗiyan masu saƙa kan riga kowa ɗaga hannu. Uwayensu da yawa ba su taɓa zama aji ba, amma suna raba 96 gida 12 da ka.

Zaɓen launi ma ilimi ne. Ja da tsanwa launi biyu ne, amma duhunsu ɗaya, in an haɗa su zane na nutsewa. Gwajin mai sauƙi ne: a ajiye dunƙulen zaren biyu gefe da gefe bayan magariba. In har ana rarrabe su cikin duhu-duhu, za su fidda zane. Ƙa'idar masaƙan luru ce ta komo cikin ulu. Zanen ma na gida ne: dagi, tauraro, haƙoran zarto, giciyen Agadas, da launukan tutarmu, ruwan lemu da fari da tsanwa.

5. Shekarun wuya

Farin 1973 da 1974 ya kashe dabbobi, cutar da ta faɗa ma gyaɗa cikin 1975 ta ƙarasa abin da ya rage. Daga nan ci-rani ya zama dole ga gidaje da yawa. Maigida ya tafi da kaka, ba a ganin shi sai damina ta kusa, saƙo kuwa wata rana ya zo, wata rana shiru. Ba mu cewa hula ta ciyar da gari. Amma gishiri da daddawa da kuɗin niƙa da maganin yaro, daga ƙananan sana'o'in mata sunka fito: ƙuli-ƙuli, tabarma, faifai, da saƙa. Ciniki na tashi daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da sanyin dare ke sauka ƙasa da digiri 15, kuma shi ne daidai lokacin da maza ba su gida.

Cikin Afrilu na 1984 Najeriya ta rufe iyaka, ba ta buɗe ba sai 1986. Rufewar ta haɗu da yunwar da mutanenmu sunka sa ma suna El Buhari. Kayan Kano sunka yi wuyar samu, har da ulu. Cikin Janairu na 1994 kuma anka karya darajar sefa da rabi, kayan waje sunka yi tsada. Iyayenmu mata na da dabarar irin waɗanga lokuta: a samu tsohuwar rigar sanyi a warware ta, a jiƙa zaren ya miƙe, a dunƙule. Guntun ja bai isa hula ba, guntun fari bai isa ba, amma in an haɗa su sun isa, har da ado. Hula mai launi da yawa ɗiyar rashi ce kafin ta zama ɗiyar gaye.

Abin da fari da rufe iyaka ba su yi ba, kasuwa na neman yi yau. Dilar gwanjo, wanda wasu ke kira bosho, na zuwa cike da hulunan sanyi na Turai. Ga kuma na inji daga Sin, jibge bisa baro ko'ina cikin tasha. Hular babba na cin wajen dunƙule biyu na giram 50, ga aikin kwana biyu ko uku tsakanin girki da daka. Sau da yawa kuɗin zaren kaɗai ya kai kuɗin ta baro. Ɗan kabu-kabu da ke neman abin toshe kunne da asuba ba shi da laifi in ya sayi mai arha. Abin da ya riƙe sana'ar har yanzu shi ne kayan jarirai: hula da safa da ƴar riga da ake kaiwa barka da suna. In wanga ma ya kuɓuce, saƙa za ta bi mazari, mata su sake rasa abin hannunsu karo na biyu.

6. Abin da ya rage gare mu

Ƴan'uwa na ci-rani, maganar ta fi shafar ku, don ku ke da kuɗi a hannu lokacin sayen tsaraba. Ga shawara huɗu da muke ajiyewa gaban ƙungiya.

Na ɗaya, mai komowa gida ya sayo zare maimakon hular da anka gama. Dunƙule goma masu launi daban-daban da allura biyu ba su cika jaka ba, amma jari ne ga ƙanwa ko mata ko gwaggo. Ya haɗo mai duhu da mai haske.

Na biyu, in haihuwa ta samu, a yi odar kayan barka wurin matan garinmu tun da wuri, a kuma biya ba tare da an karya musu farashi ba. Mai tafiya Agadas ko Tamanrasat ko Sabha, inda sanyi ya fi namu cizo, ya tafi da ta gida bisa kai. Abokan aiki za su tambaya, daga tambaya ciniki ke farawa.

Na uku, a rubuta zanen. Kaye mai gida-gida na ƴan lakwal ya isa: gida guda ido guda, a cika da alƙalami mai launi, a sa sunan zanen da sunan da tsofaffi ke kiran shi. Muna roƙon iyayenmu mata da sunka koyi saƙa tun zamanin Diori da Kunce su ba yara lokaci cikin hutu. Wadda ke da tsohon mazari ko luru ko dara ta kakanni, kada ta yar, ta bari yara su gani.

Na huɗu gargaɗi ne. Ulun roba narkewa yake in wuta ta taɓa shi, ya manne ga fata. Da hunturu yara na kewaye murhu suna jin ɗumi. A ja su baya kaɗan, kuma kada a kwantar da jariri kusa da garwashi da hular ulu bisa kai.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba a ce kowa ya komo ya zauna ba, don neman abinci wajibi ne. Amma kuɗin hula guda in ya faɗa hannun matar garinku, cikin garinku zai kwana, ya zama gishiri, ya zama alli da kaye. Dattawa, in akwai abin da kunka gani da idonku bisa wagga sana'a, ku aiko muna ta hannun magatakardan ƙungiya, mu buga shi ga fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya maido matafiya lafiya, ya bar zumunci. Wassalam.